Taimako jama'a, an dawo min da fassarar Larabcina duk jan biro

Ummu Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu Larabci da masu harkar ƙididdiga ku taimaka min, tun jiya na kasa sukuni. Wata ƙungiya ce ta ba ni aikin juya takardar manufofi daga Turanci zuwa Larabci, shafi goma sha huɗu, a kan yadda ƙasashe za su riƙa tattara bayanan mutane, kuma za a kai ta wani zama da jami'ai daga Sudan da Chadi da Masar da Maroko za su halarta. Kwana uku na yi a kanta, na tura, sai mai dubawa ya dawo min da ita duk ya ja layi da ja, ba wani bayani. Jimlar da ta fi shan biro ita ce wannan:

States should strengthen data collection, disaggregated by sex, age and disability, through household surveys, with informed consent and full confidentiality.

Ni kuma na rubuta: yajibu alad duwal taƙwiyatu tajmi'il ma'alumat, al-muƙassama hasbal jins wal umr wal ajz, an ɗariƙi istibyanatil a'ila, ma'al muwafaƙa wal khususiyyatil kamila.

Ni dai ban ga inda nahawuna ya karye ba. Ina matsalar take?

Malam Tafinta:
Wa alaikumus salam 'yata. Nahawunki lafiya lau, wanda ya karantar da ke ya iya. Matsalar ita ce Larabcin takardun ƙasa da ƙasa yana da kalmominsa da aka riga aka daidaita a kai, ke kuma kin ɗauko na ƙamus. Bari na fara da kalmar farko don ita ta fi hatsari. Should ba yajibu ba ce. A takardun Majalisar Ɗinkin Duniya yanbagi ake sawa, wato ya kamata. Yajibu ta must ce, wato dole. Shi kuwa shall na yarjejeniya galibi ba ma a sa masa wata kalma, mudari'i kawai ake kawowa, wato fi'ilin yanzu, a ce taƙumud daula ko taltazimud daula. May kuma yajuzu. Da kalma ɗaya kin mayar da shawara ta koma farilla, kuma wakilin ƙasa da ya san aikinsa ba zai sa hannu ba.

Ɗan Azhar:
Allah ya gafarta Malam, amma ai a littattafan fiƙihu sau da yawa yanbagi tana zuwa da ma'anar wajibi, musamman idan an kore ta, la yanbagi. To ya za a ce lallai shawara ce?

Malam Tafinta:
Gaskiya ne a fiƙihu da Alƙur'ani haka take zuwa. Amma a teburin diflomasiyya an ware mata gurbi guda, kowa ya san da haka, daga wakilin Alƙahira har na Rabat. Kamar dai yadda malamai suka ware mandub daban da wajib ne, alhali Balarabe a kasuwa ba ya wannan rabon.

Lauya Abba:
Na goyi bayan Malam, kuma bari na ƙara da dalilin shari'a. Yarjejeniyar Biyana kan dokar yarjejeniyoyi ta 1969, sashe na 33, ta ce idan aka tabbatar da yarjejeniya cikin harsuna biyu ko fiye to kowane nassi yana da ƙarfi daidai da ɗan'uwansa, sai dai in ita yarjejeniyar ce ta ce wani ya rinjaya, ko ƙasashen da ke cikinta suka amince da haka. Ma'ana Larabcin ba ɗan rakiya ba ne, ana iya kafa hujja da shi a kotu. Tun 18 ga Disamba 1973 Larabci ya shiga harsunan Babban Zauren Majalisar, ya zama na shida, Kwamitin Sulhu kuma ya karɓe shi a 1982. Ku tuna ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 242 na Nuwamba 1967, Turancin ya ce Isra'ila ta janye from territories, babu the, Faransancin ya ce des territoires, kuma har yau ana jayayya ko aradin ne ko al-aradi, wasu filaye ko dukkan filayen. Alif da lam kawai. Shi ya sa in na ga mai fassara yana wasa da ƙaramin harafi gabana faɗuwa yake.

Ummu Sadiƙ:
Innalillahi. Na karɓa Malam, na karɓa Lauya. To tajmi'i fa? Ni na ga kamar ta fi jam'u ƙarfi shi ya sa na zaɓe ta.

Hajiya Mai Ƙididdiga:
Ƙanwata wannan fannina ne bari na shigo. Ni Larabcina na makarantar Islamiyya ne da ɗan zaman da na yi da abokan aiki 'yan Sudan, amma aikin na sani. Aiki biyu ne daban. Jam'ul bayanat shi ne fita da jaka da kwamfutar hannu ki bi gida-gida kina tambaya. Tajmi'i kuwa bayan an dawo ofis ne, a haɗa na wannan gunduma da na waccan a fitar da jimilla. To kin ga jimlarki tana cewa a rarrabe alƙaluma kashi-kashi, ke kuma kin buɗe ta da kalmar da ke nufin a dunƙule su. Sannan ma'alumat ba ita ce data ba, ita information ce, wato abin da aka riga aka tace aka fahimta. Data ɗanyen abu ne, bayanat. Mu a Hausa duk bayanai muke cewa shi ya sa kunnenmu ba ya jin bambancin.

Ɗalibin Rabat:
Hajiya a yi min afuwa, bayanat ɗin nan fa ba ko'ina take ci ba. Shekarata ta huɗu ke nan a Maroko, a nan mu'uɗayat ake cewa. Dokarsu ta kare bayanan mutum, mai lamba 09-08 ta 2009, abin da ke kanta shi ne al-mu'uɗayat zatuɗ ɗabi'ish shakhsi. Tunusiya ma dokarta ta 2004 mu'uɗayat ta ce, Aljeriya ta 2018 haka. Daga Faransanci suka kwafo, données, abin da aka bayar, sai suka ɗauko daga a'aɗa. A nan in ka ce bayan, abin da ke fara zuwa wa mutum shi ne sanarwar gwamnati ko ta jam'iyya. Tunda Anti ta ce akwai 'yan Maroko a zaman to a yi la'akari da su.

Ɗan Azhar:
To amma Masar dokarta mai lamba 151 ta 2020 himayatul bayanatish shakhsiyya ce, Saudiyya ma ta 2021 haka, sai dai su nizam suke cewa ba ƙanun ba. Masu bayanat sun fi yawa nesa ba kusa ba ɗan'uwa.

Ɗalibin Rabat:
Ban ce ba su fi yawa ba, cewa na yi a san da wa ake magana. Ko kalmar survey ma a nan bahas suke cewa, al-bahsul waɗani, ƙidayar jama'a kuma da suka yi a 2024 sunanta al-ihsa'ul am lis sukkan was sukna, alhali Masar da Sudan da Saudiyya ta'adad suke cewa. Na taɓa zama a aji malami yana ta bahas bahas ni ina zaton binciken digiri yake nufi, ashe bin gidaje da takardar tambayoyi ne.

Malam Tafinta:
Duk ku biyun kuna da gaskiya, amma 'yata ba za ta rubuta takarda biyu ba. Ƙa'idar da na yi shekaru ina bi ita ce, in takarda ta ƙasashe da yawa ce a bi lafazin Majalisar Ɗinkin Duniya, domin jami'in Maroko ya saba karanta bayanat a takardun Majalisar kullum, ba zai ruɗe ba, amma na Khartum in ya ga mu'uɗayat zai iya ɗauka ana nufin halin da ake ciki ko hujjojin da aka gina magana a kai. In ana so a kyautata, a shafin farko a sa ɗan jerin kalmomi a ce bayanat a nan ita ce mu'uɗayat. Shi ke nan kowa ya samu.

Sabon Shiga:
Ni fa ban gane wannan wahalar ba, ku jefa ta a Google Translate ko ChatGPT mana, minti ɗaya an gama, yanzu ai injin ya iya Larabci fiye da mutane da yawa.

Malam Tafinta:
Yaro injin yana taimakawa, ni ma ina leƙa shi, kuma da yake ya sha takardun Majalisar da yawa yakan dace da lafazinsu. Amma bai san waye zai karanta ba, kuma a shafi na biyu zai ce maka bayanat musannafa a shafi na tara ya ce mufassala a na sha ɗaya ya ce muwazza'a, mai karatu ya ɗauka abu uku ne daban. Abin da ya fi shi amfani kuma kyauta ne shi ne UNTERM, rumbun kalmomin Majalisar, ka rubuta kalmar Turanci ya ba ka ta Larabci. Sannan kowace takardar Majalisar lamba ɗaya take da ita a harsuna shida. Ka buɗe A/RES/70/1 na Turanci a hagu, na Larabci a dama, ka bi su sakin layi bayan sakin layi. Babu makarantar fassara da ta fi wannan arha.

Ummu Sadiƙ:
Malam yanzu na buɗe ta. Wannan ai ita ce ta muradun ci gaba mai ɗorewa ko? To ga tambaya, disaggregated ɗin ni na sa muƙassama, wanne ne daidai, musannafa ko mufassala, tunda kun ambaci biyun?

Hajiya Mai Ƙididdiga:
Ita ce, ta Satumba 2015, muradu 17 da ƙananan manufofi 169. Ki gangara zuwa 17.18, nan ne aka lissafa abubuwan da ake so a rarrabe alƙaluma da su, samun kuɗi, jinsi, shekaru, launin fata, ƙabila, matsayin hijira, naƙasa, da inda mutum yake zaune. Ni a ra'ayina mufassala ta fi kusa da abin da muke yi. Ki ɗauka an ce yara kaza ba sa zuwa makaranta a ƙasa, wannan dunƙulallen adadi ne, yana ɓoye abubuwa. Sai kin fasa shi kin ga mata nawa maza nawa, na ƙauye nawa na birni nawa, kurame da makafi nawa, sannan za ki ga wa aka bari a baya. Fasawar nan ita ce tafsil, dalla-dalla. Musannafa kuwa kamar jera kaya ne a kanta, kowane iri da gurbinsa.

Malam Tafinta:
Hajiya a ma'ana kin fi ni hujja, amma a amfani musannafa ta fi yawo a takardu, al-bayanatul musannafa hasba kaza, duk wanda ke wannan fanni ya san ta. Duka biyun suna nan a rubuce-rubucen Majalisar. Abin lura ɗaya ne, kar a bar musannafa ita kaɗai ba hasba a bayanta, domin a bakin sojoji da jami'an tsaro ma'alumat musannafa na nufin bayanan sirri da aka hana gani. Na taɓa ganin takarda da aka rubuta wai a wallafa al-bayanatul musannafa, wani jami'i ya ɗaga hannu ya ce ba zai yiwu ba wannan cin amanar ƙasa ne, aka ɓata kusan rabin awa kafin a gane inda aka saɓa.

Hajiya Mai Ƙididdiga:
To kun ji, wannan ma ƙarin dalili ne na mufassala. Ni ina nan a kai.

Ɗan Azhar:
Ni abin da ke damuna da Larabcin Majalisar shi ne taurinsa. Wai household al-usratul ma'ishiyya, wai survey ad-dirasatul istiƙsa'iyya, wai gender nau'ul jins. Wallahi shekara shida na yi a Alƙahira ban taɓa jin mai sayar da ful ko direban tasi ya furta ɗaya daga ciki ba. Larabci ne da aka ɗinka a kan jikin Turanci. Me ya hana a ce usra kawai, a ce mas-h kawai, kamar yadda hukumar ƙididdigar Masar take yi?

Hajiya Mai Ƙididdiga:
Mas-h ban ƙi ba, UNICEF ma binciken nan nata na gida-gida mai suna MICS da ta fara tun tsakiyar shekarun 1990 sunansa al-mas-hul unƙudi muta'addidul mu'ashshirat, Sudan ta yi shi a 2014, Najeriya a 2021. Mu da muka taso da Ahalari da Ishmawi in mun ji mas-h shafa a kan huffi ke zuwa mana, amma asalin ɗaya ne, a bi a shafe wuri kaf ba a bar ko'ina ba, shi ya sa masu awon fili ma misaha ake ce wa aikinsu. Abin da ba zan yarda ba shi ne istibyan da ƙanwata ta sa, wannan takardar tambayoyin ce kawai ba aikin gaba ɗaya ba, istiɗla'ur ra'ayi kuma jin ra'ayin jama'a ne irin na zaɓe.

Amma maganar household kam ɗana ka yi haƙuri, taurin nan yana da dalili, kuma babu wanda ya kamata ya gane shi kamar Bahaushe. Ka shiga gida ɗaya a cikin birnin Zariya, ƙofa ɗaya zaure ɗaya, ciki akwai tsoho da matansa biyu, ɗansa na fari da amaryarsa a sashensu suna girkinsu daban, ƙaninsa da iyalinsa a can ƙurya, ga almajiri da yake kwana a zaure yana cin abincin gidan, ga ɗan haya a shago. A'ila nawa ce? Ɗaya, duk zuri'a ɗaya ce ban da almajirin da ɗan haya. Household nawa? Mai yiwuwa huɗu. Ma'aunin shi ne waɗanda suke zaune tare suke haɗa abincinsu da buƙatunsu, mu a filin aiki cewa muke masu ci daga tukunya ɗaya, ko da ba jini ɗaya ba ne. In aka rubuta a'ila, mai tambaya zai ƙirga gida ɗaya mai mutum talatin, ko ya sa ɗan da ke Legas shekara biyar a lissafi ya bar almajirin da ke ci a gidan kullum. Daga nan lissafin talauci da na gidan sauro da na allurar rigakafi duk sun karkace. Kalmar ma'ishiyya ita ce tukunyar.

Ɗan Azhar:
Na sallama a kan wannan Hajiya. Amma nau'ul jins har gobe ba ta zauna min ba.

Malam Tafinta:
Ba kai kaɗai ba ne, Larabawan ma ba su daidaita ba. Wasu an-nau'ul ijtima'i, wasu nau'ul jins, wasu jandar kai tsaye, Majalisar kuma ta ƙirƙiro jinsani don sifa, al-manzurul jinsani. Sa'ar da 'yata ta yi ita ce jimlarta sex ta ce ba gender ba, don haka al-jins ɗinta daidai ne, kar ta taɓa shi. In ta ci karo da gender a wani shafi kar ta haɗe su, ƙasashe suna yin dogon zama a kan bambancin kalmomin nan biyu kuma wasu sun amince da ɗaya ne ban da ɗayar.

Ummu Sadiƙ:
Alhamdu lillahi ko ɗaya na ci. Saura ajz.

Lauya Abba:
Wannan kam cire ta. Yarjejeniyar haƙƙin masu naƙasa ta Disamba 2006 al-ashkhas zawul i'aƙa ta ce, kuma sashenta na 31 kacokan a kan tattara ƙididdiga da bayanai yake, ki karanta Larabcinsa zai ba ki rabin kalmomin da kike nema. Ajz gazawa ce, daga nan muka samu ajizi a Hausa, an fi amfani da ita a maganar diyya da fansho, wane ya samu ajz kashi kaza. I'aƙa kuwa tana nuni da abin da ya tare wa mutum hanya. Daular Larabawa tun 2017 as-habul himam suke cewa a hukumance, amma wannan nasu ne na cikin gida, kar ki sa a takardar ƙasashe.

Hajiya Mai Ƙididdiga:
Kuma ko i'aƙar ma a takardar manufofi kawai take tsayawa, ba a kai ta ƙofar gida. In ka tambayi uwa ko akwai mu'aƙ a gidan nan cewa za ta yi Allah ya kiyaye babu, alhali ga tsohuwa can a ɗaki ba ta gani. Shi ya sa tambayoyin nan shida na rukunin Washinton, masu tsara yadda ake ƙirga masu naƙasa, ba su ambaci naƙasa ba sam, wahala suke tambaya, su'uba. Kina shan wahalar gani ko da tabarau? Ji fa? Tafiya ko hawa matakala? Tuna abu? Wanka da sa kaya? Fahimtar magana da fahimtarwa? Sai mutum ya ce babu, ko kaɗan, ko sosai, ko ba na iyawa sam. Mai fassara da bai san dalili ba sai ya ga kamar an yi kwana-kwana ya taƙaita ya sa i'aƙa, ya rushe aikin duka.

Ɗan Mai Wurno:
Salamu alaikum, tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba sai da na ga an zo kan muwafaƙa da khususiyya. Ni haifaffen Sudan ne, kakanninmu daga ƙasar Hausa suka zo, yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 shi ya fitar da mu, na samu kaina ina tafinta wa wata ƙungiyar agaji a gabashin Chadi kusa da Adre. Yaya Ummu Sadiƙ don Allah wannan ƙarshen jimlar ki riƙe shi da hannu biyu.

An ba mu takardar neman izini da aka fassara a ofis da Fus-ha mai kyau, wato Larabcin littafi, mu karanta wa mutane kafin mu fara tambaya. A ciki an fassara monitoring, wato bibiyar aiki, da muraƙaba. Wata rana muna ƙarƙashin rumfar leda, iska na ta kaɗa ta, wata mata daga Aljinena ta zauna a gabana da jariri a cinya da katin rabon abinci a ɗaure a bakin mayafinta. Ina karantawa tana gyaɗa kai, ina zuwa kan muraƙaba sai ta daina. Ta ja yaron ta rungume, ta ce min da Larabcin Darfur wa zai riƙa sa mana ido, kuma takardar nan wa za a kai wa. Tambaya ta gaba a kwamfutar hannuna kuwa ita ce ƙabila. Wannan matar a kan hanya an tare su ana tambayar ƙabila, kuma amsar ita ke raba wanda zai wuce da wanda ba zai wuce ba. Na ajiye na'urar na yi mata bayani da bakinmu na gida, cewa ana so ne a san ko abinci yana isa, sunanta ba zai fita ba, in ba ta so ta amsa ba za a rage mata ko mudu ɗaya ba. Ta daɗe tana kallona sannan ta amsa wasu ta bar wasu. Da dare na je na sami shugabar aikinmu na ce kalmar nan a canza ta.

Rasd ake cewa ko mutaba'a, bibiya. Muraƙaba a kunnen wanda ya rayu ƙarƙashin jami'an tsaro leƙen asiri ce, tana dab da tajassus da Allah ya hana a Suratul Hujurat.

Malam Tafinta:
Allah ya kawo muku sauƙi ɗana, ya mayar da ku gida lafiya. Abin da ka faɗa haka yake, monitoring rasd ce a takardun Majalisar, ar-rasdu wat taƙyim. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya da take sa ido kan annoba tarassud take cewa. 'Yata ki duba shafukanki goma sha huɗu ki ga ko muraƙaba ta shige miki.

Ummu Sadiƙ:
Ta shige Malam, har wuri biyar, kuma mai dubawar ma bai ja mata layi ba. Jikina ya yi sanyi da labarin nan wallahi. Ɗan'uwa Allah ya saka da alheri.

Lauya Abba:
Sai ki gyara sauran biyun. Muwafaƙa ita kaɗai yarda ce, ko an yaudari mutum ya ce to ai ya yarda. Informed consent ita ce al-muwafaƙatul mustanira, yardar wanda aka haska masa ya san me za a yi da maganarsa, wa zai gani, kuma yana da ikon ƙi. Sannan khususiyya privacy ce, haƙƙin mutum kar a kutsa masa cikin rayuwa tun farko. Confidentiality kuwa sirriyya ce, amanar da ke kan wanda ya riga ya karɓi bayanin kar ya fitar. Ɗaya kafin a tambaya, ɗaya bayan an amsa. Ƙa'idojin ƙididdigar hukuma guda goma da Babban Zauren ya amince da su a Janairu 2014, ta shida cewa ta yi bayanan mutum ɗaya-ɗaya da hukumar ƙididdiga ta karɓa sirri ne tsantsa kuma ba a amfani da su sai don ƙididdiga. Wato ba a miƙa wa 'yan haraji ko 'yan sanda.

Inna ta Njamena:
Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da zan ƙara, a nan Chadi Larabci da Faransanci ne harsunan gwamnati, amma jami'ai da yawa Faransancin suka fi karantawa, Larabcin da ake yi a kasuwa kuma ba shi ne na takarda ba. To ki tambayi masu aikin ko akwai kwafin Faransanci, in akwai ki ajiye shi kusa ki riƙa gwadawa, kar naki ya ce yanbagi nasu ya ce dole. Sannan maganar ɗan'uwanmu na Adre ta tuna min, IDPs, wato waɗanda aka raba da gidajensu amma suna cikin ƙasarsu, a takardun Majalisar musharraduna dakhiliyyan ne amma a Sudan da nan nazihin kowa ke cewa, musharrad a Khartum yaron titi ne mara gata, ba wanda zai so a kira shi haka.

Ɗan Mai Wurno:
Haka ne Inna, nazih a cikin ƙasa, laji'i in ya tsallaka iyaka. In ka ce wa dattijo musharrad ka zage shi.

Ɗan Azhar:
To kun ga abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu, lafazin Majalisar ba wahayi ba ne.

Malam Tafinta:
Ban ce wahayi ne ba. Takardar da jami'ai za su yi jayayya a kanta su sa hannu, a bi lafazin da suka saba don kar a buɗe ƙofar tawili. Takardar da za a karanta wa mutum a ƙofar gidansa ko a sansani, a rubuta ta da bakin da yake ji, a gwada ta a kan mutum biyar ko goma kafin a buga, a sa wani daban ya mayar da ita Turanci a ga ko ma'ana ta dawo yadda ta tafi. Ta 'yata irin ta farko ce. Amma nazihin kam ni ma ita zan sa, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar ma tana amfani da ita.

Hajiya Mai Ƙididdiga:
Maganar ƙabila da ɗana ya kawo ita ce ta tsaya min. Mu masu alƙaluma kullum muna son a rarrabe, don in ba a rarrabe ba ba a ganin wanda aka zalunta, amma rarrabewar nan wuƙa ce. Ƙidayar Najeriya ta 2006 ba ta tambayi addini ko ƙabila ba. Labanan tun 1932 ba ta sake ƙidaya ba saboda rabon mulki tsakanin ɗariƙu. Shi ya sa za ki ga a irin jimlolin nan ana maƙala as appropriate, hasbal iƙtida'i, ko a ce gwargwadon yanayin kowace ƙasa. Ƙanwata in kin gan su kar ki yar da su don jimla ta yi daɗi, da su aka samu wasu ƙasashen suka yarda.

Ummu Sadiƙ:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ga yadda na mayar da ita, a duba min:

Yanbagi lid duwal an tu'azziza jam'al bayanatil musannafa hasbal jinsi was sinni wal i'aƙa, min khilalid dirasatil istiƙsa'iyya lil usaril ma'ishiyya, ma'a kafalatil muwafaƙatil mustanira was sirriyyatit tamma.

Hajiya ki yafe ni na ɗauki musannafa, don na ga ita mai dubawar ya rubuta a gefe a shafi na uku, ban lura ba sai yanzu.

Hajiya Mai Ƙididdiga:
Ba komai ƙanwata, in dai ita ce daga shafi na ɗaya har na sha huɗu. Amma ki sa a jerin kalmomin farko cewa ana nufin mufassala.

Malam Tafinta:
Ta yi. Ki mayar da muraƙaba biyar ɗin nan rasd, ki rubuta wa mai dubawar dalili a gefe don kar ya mayar da su. In kin iso shafin da ke maganar data controller, wato wanda ke da iko a kan bayanan da aka tattara, ki dawo, don Masar mutahakkim take cewa, Saudiyya jihatut tahakkum, Maroko kuma al-mas'ul anil mu'alaja.

Ummu Sadiƙ:
Yana shafi na tara Malam, har sau uku. Bari na sallami yara makarantar allo na dawo na turo sakin layin gaba ɗaya.